Wasan hasken leza: yadda masu sha'awa suka maida katin sauti alƙalamin zane

Duk wanda ya taɓa kallon babban taron kiɗa a talabijin ya ga wannan siririn haske, kore ko shuɗi, da ke rubuta suna a bango ko ya shimfiɗa rumfa bisa kawunan jama'a. Da yawa na zaton hoto ne ake haskawa kamar na silima. Ba haka ba ne. Ɗigo guda ne tak na hasken leza ke gudu, amma saboda saurinsa sai ido ya ruɗu ya ga cikakken zane, kamar yadda yaro ke juya icen da ke ci da wuta cikin dare a ga da'ira.

A shekarar 1960 ne Ba'amurke Theodore Maiman ya kunna leza ta farko, sannan a 1973 aka fara nuna wasan Laserium a birnin Los Anjalas. Shekaru da dama bayan nan sana'ar ta zauna hannun masu kuɗi, don kuwa manyan na'urorin lokacin na shan wuta sosai, har sai an ratsa musu ruwa suna hucewa.

Cikin akwatin da ke fidda hasken akwai ƙananan madubai biyu, kowane bai wuce farce ba, ɗaya na karkata hasken hagu da dama, ɗayan sama da ƙasa. Madubai masu kyau na bin ɗigo 30.000 a daƙiƙa guda. To amma wa ke ba su umarni? Kwamfuta lissafi ta sani, su kuma madubai ƙarfin lantarki suke ji. Don haka dole a samu tafinta tsakaninsu, wato ɗan akwatin da ƴan sana'ar ke kira DAC. Ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, ILDA, wadda aka kafa a 1986, ita ta tsayar da ƙa'ida guda: waya mai haƙora 25, irin ta tsohuwar na'urar buga takardu, kowane haƙori da aikinsa, har da na launi ja da kore da shuɗi.

Kamfanin Pangolin na Amurka shi ne ya yi suna wajen saida akwatin tare da manhajarsa, QuickShow da Beyond. Kayan na da inganci, sai dai akwatinsu da manhajarsu kaɗai yake aiki, kuma kuɗin ya fi ƙarfin ɗalibi ko mai gyaran rediyo. Nan ne masu sha'awa suka yi dabarar da ni dai ta fi burge ni. Sun lura cewa katin sauti na kwamfuta shi ma tafinta ne, yana maida lissafi lantarki sau 48.000 a daƙiƙa. Matsalarsa ɗaya: an yi shi don kiɗa, ba ya iya riƙe ƙarfin wuta wuri guda, ke nan madubi ba zai tsaya inda aka ce ya tsaya ba. Sai suka buɗe katin, suka tsallake ƴan kayan da ke hana hakan, suka ƙara ɗan amfili. Kati mai mafita shida ko takwas ya isa: biyu na madubai, uku na launi. In ka yi kuskure ka haɗa shi da lasifika, ƙara ce mai ban haushi za ka ji, alhali ita ce hoton.

Daga baya aka samu akwatunan da masu su suka saki tsarinsu kyauta, kamar Ether Dream da ke aiki da wayar haɗa kwamfutoci, da Helios na wani ɗan ƙasar Norwe, sai manhaja irin OpenLase da LaserBoy. A 2010 kuma mutane suka gano cewa cikin wata na'urar haska hoto ta Casio akwai ƙwayoyin leza shuɗɗa masu ƙarfin kusan wat 1 kowace, suka shiga saye suna farkewa.

Wat 1 a ƙwan fitila ba komai ba ne, amma a leza wuta ce. Ƴar lezar nuni da aka yarda da ita ba ta wuce miliwat 5, wannan kuwa ta ninka ta sau 200. Muddin ɗigon na gudu ƙarfin na rarrabuwa; ranar da kwamfuta ta daskare ko madubi ya cije, duka hasken ya taru wuri guda, kuma yana ƙona bayan ido kafin mutum ya ƙyafta. Cikin watan Yuli 2008, a wani taron kiɗa kusa da Mosko, ruwan sama ya sa aka kafa rumfuna, hasken da aka shirya don sararin sama ya faɗa kan jama'a, kimanin mutane 30 suka ji rauni a ido, wasu ganinsu bai dawo daidai ba.

Shi ya sa na'urorin ƙwararru ke da mai gadi da ke kashe hasken da zarar madubi ya tsaya, da maɓallin gaggawa kusa da hannun mai aiki. A Amurka doka ta ce hasken ya wuce aƙalla mita 3 sama da inda jama'a ke tsaye. Katin sauti da aka gyara a ɗaki ba ya zuwa da ko ɗaya cikin waɗannan, sai mai shi ya haɗa da kansa. Haka ma ƙananan akwatuna masu arha da masu kiɗa ke ratayawa a wuraren biki: kafin a kunna, a duba inda bakin akwatin ke kallo, a ɗaga shi sama da tsawon mutum, kuma kar a bar yara su je leƙa ramin da hasken ke fitowa.