Fankar injin jirgin sama

In kun dubi babban jirgin sama daga gaba, za ku ga wata ƙatuwar fanka a bakin kowane inji. Ita ce ke jawo iska ta tura ta baya da ƙarfi, sai jirgi ya yi gaba. Fukafukan fankar suna kafe jikin wani faifai na ƙarfe, yana juyawa sau dubbai cikin minti guda.

Maƙeran inji suna da matsala. Suna son fanka mai ƙwari, amma nauyi abokin gaban jirgi ne. In jirgi ya yi nauyi, zai sha mai da yawa, ya ɗauki mutane kaɗan. Don haka suke aiki da titaniyom, ƙarfe mai ƙwari, marar nauyi sosai. Suna kuma kewaye fanka da zobe mai kauri. In fiffike ɗaya ya karye, zoben ya tare shi. Amma in faifan ne ya fashe, ba zoben da zai iya tare shi, don irin wannan zobe ya fi ƙarfin jirgi ɗauka.

Mi ke fasa ƙarfe? Ku ɗauki waya ku tanƙwara, ku miƙe, ku sake. Ba da jimawa ba za ta katse. Ƙarfe ma yana gajiya. Duk tashin da jirgi ya yi, faifai yana shan ja. In akwai ƴar tsaga, sai ta riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

Haka ta faru a Amurka ran 19 ga Yuli 1989. Wani jirgi DC-10 ya tashi daga Denba da mutum 296. Faifan injin wutsiya ya fashe a sama. Gutsattsarinsa suka yanke bututun man da ake sarrafa jirgi da su. Matuƙa suka lallaɓa da sauran inji biyu har garin Su Siti, inda jirgin ya faɗi wajen sauka. Mutum 112 suka rasu, 184 suka tsira.

Da aka bincika, sai aka gano wani ɗan aibi cikin ƙarfen tun lokacin da aka ƙera shi, a 1971. Masu duba inji ba su ga tsagar ba. Daga nan aka gyara yadda ake narka titaniyom, aka kuma tsananta duba faifai.

Tambayoyi
1. Mine ne aikin fanka?
2. Don mi ba a yin zoben da zai tare faifai?
3. Ƙaƙa ƙarfe ke gajiya?