Kada, kura ko kare: cizon wa ya fi muni?

Gardama ce da ba ta ƙarewa a rumfunan kasuwar Gure da karar dabbobi ta Subdu: wane naman daji ya fi ƙarfin cizo? Mahauta suna bayan kura, ƴan tireda suna bayan zaki. Mu dai mun bi sawun maganar.

Sarautar ta kada ce. A wani bincike da aka wallafa a shekarar 2012, wani masani ɗan Amurka, Gregory Erickson, ya sa wa kadoji na'urar awo a baki. Babban kadan ruwan gishiri ya danne ta da nauyin da ya haura kilo 1,600. Ku ƴan kasuwa ku ƙiyasta: buhun shinkafa mai kilo 50 fiye da 30 ke nan a kan ƙafar mutum! Amma wajen buɗe baki ba shi da ƙarfi, ɗaurin roba ma yana hana shi.

Kura mai dabbare-dabbare kuwa an auna mata wajen kilo 450, buhu tara. Mahauta suna da gaskiyarsu, domin turamen haƙoranta suna farfasa ƙashi ta kai ga ɓargo, cikinta kuma ya narkar da ƙashin. Ba banza gardawa ke sa mata takunkumi ba. Zaki a ƙasarmu ya rage sai gandun W, can yamma. A arewa da mu, gandun Termit da Tin-Tumma da aka keɓe a 2012, akwai sayaki da dila, kuma dila, mai ɗan bakin nan, shi ke ɗauke wa makiyaya ƴan awaki.

To amma wanda muke tsoro mu, shi ne karen da ke shawagi bayan mahauta da wajen masu tuyar ƙosai. Cizonsa bai kai na kura ba, sai dai idan mahaukaci ne, ƙwarzane ɗaya ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar haukan kare tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, da yawansu yara, kuma da zarar alamunta sun bayyana, sai dai a yi haƙuri.

Don haka iyayenmu mata, in kare ya ciji ɗan tallanku, ku wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ku garzaya da shi likita a ranar don allurar rigakafi. Kada ku jira kasuwa ta watse.