Makaman Gaske Cikin Wasan Kwamfuta: Bayani a kan Medal of Honor: Warfighter

Malaman da ke koyar da samari sun san yadda sunayen bindigogi su ke yawo a bakin ɗalibai yanzu. Yaron da bai taɓa riƙe ko bindigar toka ba, sai ka ji ya kawo sunan bindigar Jamus da ta Amurka, har da lambobinsu, ba tuntuɓe. Yawancin wannan sani daga wasannin kwamfuta ya ke fitowa, musamman waɗanda a ke kira wasannin harbi. Nufin wannan takarda shi ne ta ɗauki wasa guda, ta duba makaman da aka zuba cikinsa, ta bayyana asalinsu da yadda su ke aiki, da kuma hanyar da suka bi har suka shiga wasan. Wanda aka zaɓa shi ne Medal of Honor: Warfighter, wanda ma'aikatar Danger Close ta shirya, kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fitar ran 23 ga Oktoba, 2012. Ba don kyansa aka zaɓe shi ba, gama bai yi farin jini ba. An zaɓe shi ne domin a kansa ne hulɗar masu shirya wasa da maƙeran bindiga ta fito fili, har kowa ya gani.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda irin wannan wasa ya ke. Mai wasa ba ya ganin jikin sojan da ya ke juyawa, sai hannuwansa da bindigar da ke cikinsu, watau yana kallon fagen fama ta idon sojan. Saboda haka bindiga ita ce abin da ba ya barin fuskar allo tun daga farko har ƙarshe, kuma ita ce masu zane su kan fi ɓata lokaci a kanta. Labarin wannan wasa kuwa na waɗansu zaratan sojan Amurka ne da ke bin sawun wani maganin nakiya mai suna PETN daga ƙasa zuwa ƙasa: Somaliya, Filifin, Pakistan, Yaman, Dubai, har Sarayebo ta ƙasar Bosniya. A sashen da a ke karawa da juna ta intanet an sa rundunoni 12 daga ƙasashe 10, cikinsu har da SAS ta Ingila, da KSK ta Jamus, da GROM ta Folan.

Kafin a shiga bayanin makaman ya kamata a daidaita kalmomi. Hausa ba ta rasa su ba, ko da ya ke manyan cikinsu aro ne daga Larabci. Bindiga daga bunduƙiyya ta ke, harsashi daga rasas, watau dalma, albarushi kuma daga barud. Sauran kuwa Hausawa ne suka ƙaga da idonsu: kunama ga abin da a ke ja a harba, kwanso ga ɓawon harsashi, jigida ga jerin harsasan da a ke ɗura wa babbar bindiga. Bindigar Maxim da Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903 bindiga mai ruwa aka kira ta, domin da ruwa a ke sanyaya bututunta. A nan za mu ƙara biyu: gidan harsashi ga akwatin da a ke maƙala wa bindiga, da sakata ga ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya rufe bayansa.

Bindigar da wasan ya fi ji da ita ita ce HK416, ƙirar kamfanin Heckler & Koch da ke garin Oberndorf a Jamus. Ba za a gane ta ba sai an koma kan uwarta, AR-15, wadda Eugene Stoner da abokan aikinsa suka ƙago a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, wadda kuma daga gare ta M16 da M4 suka fito. Duk bindigar da ke ɗura wa kanta harsashi tana bukatar ƙarfin da zai ja sakata baya, ya tofar da kwanso, sa'an nan sifirin ya mayar da sakata gaba da sabon harsashi. Ƙarfin nan daga hayaƙin albarushi a ke samunsa. A ƙirar Stoner akwai 'yar ƙofa a jikin bututu, hayaƙi ya kan bi ta nan ya shiga wani siririn bututu ya koma baya, ya hura cikin mazaunin sakata kai tsaye. Dabara ce mai kyau, tana rage nauyi, amma zafi da toka duk a cikin bindigar su ke sauka. Abin da Jamusawa suka yi a farkon shekarun 2000 shi ne suka sa ɗan fistin a gaba, irin na bindigarsu G36. Hayaƙi ya bugi fistin, fistin ya bugi sanda, sanda ta bugi mazaunin sakata, toka kuwa ta tsaya can gaba. Norwe ta ɗauke ta ta zama bindigar sojanta, Faransa ma ta zaɓe ta a 2016 maimakon FAMAS. To, duk wannan bambanci, wanda shi ne dalilin ƙera bindigar, mai wasa ba shi da hanyar jinsa, gama bindigar allo ba ta yin toka, ba ta cijewa, ba a kwance ta a goge. Abin da ya rage masa sai suna da siffa da ƙara.

A hannun abokan gaba kuwa dangin Kalashnikov ne suka fi yawa, kuma ba sai an daɗe a kansu ba, don ƙasar nan ta san su sanin da ba ta so. Mikhail Kalashnikov ya gama ƙirar a 1947, sojan Tarayyar Sobiyet suka ɗauke ta a 1949, AKM ta biyo baya a 1959, AK-74 mai ƙaramin harsashi a 1974. Wasan ya sa AK-103, jikanyarsu ta shekarun 1990, wadda ta koma ga tsohon harsashi mai kaurin milimita 7.62. Lissafi ɗaya ya isa ya nuna nisan wasa da gaskiya. Bindigar tana iya fitar da harsashi wajen 600 a minti guda, gidan harsashinta kuwa 30 ya ke ci. Ashe ke nan wanda ya danne kunama bai ɗaga ba, cikin daƙiƙa 3 ya ƙare. Sojan Amurka bisa ƙa'ida gida 7 ya kan ɗauka, harsashi 210. A wasan kuwa, in harsashinka ya yi ƙasa sai ka matsa kusa da abokinka ka roƙa, ya miƙo maka, in an harbe ka kuma ka laɓe bayan bango kaɗan rauni ya warke.

Sai bindigogin harbin nesa, kuma nan ne sunan McMillan ya shigo, kamfanin jihar Arizona. TAC-50 tasu tana cin harsashi mai kaurin milimita 12.7, wanda asalinsa na babbar bindiga mai jigida ne, nauyinta kuma ya kusa kilo 12. Da hannu a ke jan sakatarta bayan kowane harbi. Da ita ne Kofur Rob Furlong na sojan Kanada ya sami mutum daga nisan mita 2,430 a Afganistan a 2002, da ita kuma wani sojan rundunar JTF2 ta Kanada ya kai mita 3,540 a Iraƙi a 2017. A wannan na biyu harsashin ya yi kusan daƙiƙa 10 yana tafiya. Irin wannan harbi aikin mutum biyu ne, ɗaya yana hange da madubi yana lissafin iska da nisa, kuma yawancinsa jira ne. Gaskiya wasan ya ɗan gwada nuna haka, domin ya sa harsashi yana sunkuyawa in nisa ya yi yawa, ya kuma kwaikwayi ceton Kyaftin Richard Phillips na jirgin Maersk Alabama, wanda maharban sojan ruwan Amurka suka ƙwato daga 'yan fashin tekun Somaliya a Afrilun 2009. Amma jiran kwanaki ba ya sayuwa a wasa, saboda haka sashen ya fito gajere ƙwarai.

Yanzu ga inda maganar ta ke. Da can masu shirya wasa su kan kauce wa sunayen gaske don gudun shari'a. A wasan GoldenEye 007 na 1997, ga misali, ƙaramar bindigar nan Walther PPK sai aka kira ta PP7. Masu Warfighter suka bi wata hanya dabam. Suka ƙulla yarjejeniya da kamfanonin makamai da kayan soja, cikinsu har da McMillan, da LaRue Tactical, da Magpul mai yin gidajen harsashi, aka sa kayansu da tambarinsu cikin wasan. Shugaban aikin, Greg Goodrich, ya riƙa rubuta yabon kayan a shafin wasan na intanet, aka kuma sa hanyoyin da in mutum ya latsa za su kai shi shafunan kamfanonin, inda a ke tallan kayan gaske. Har wani gatarin yaƙi kamfanin SOG ya shirya sayarwa da sunan wasan. Hujjarsu ita ce kuɗin da aka samu za su tafi ga ƙungiyoyin taimakon iyalan sojan da suka mutu. Jama'a ba su karɓi hujjar ba, har cikin masu son wasannin harbi, kuma a Agustan 2012, tun wasan bai fito ba, aka janye gatarin aka cire hanyoyin. A ganina masu sukar sun yi daidai. Sa bindigar gaske cikin labari abu ne guda, kamar yadda marubuci zai ambaci takobi ko mashi. Amma wanda ya nuna wa yaro bindiga tana aiki har awa shida, sa'an nan ya nuna masa ƙofar mai sayarwa, dillanci ya yi, ko da ladan ya tafi sadaka.

Da wasan ya fito, duk wannan ƙoƙari bai cece shi ba. A shafin Metacritic, inda a ke tara makin masu sharhi, ya tsaya tsakanin 53 da 55 bisa 100. Aka ce labarinsa a dagule ya ke, sojan da kwamfuta ke juyawa ba su da wayo, kurakurai sun yi yawa. Abin da aka fi yi wa dariya shi ne fasa ƙofa. Kowane ɗan lokaci sai a tsaya gaban ƙofa, a fasa, lokaci ya yi sanyi, a harbe na ciki, wanda kuma ya yawaita samun kai a ba shi sabuwar hanyar fasawa, ko da gatari ko da ƙarfen ɓanɓara ko da nakiya. A Nuwamba rundunar ruwan Amurka ta hori sojanta 7 na ƙungiyar SEAL saboda sun yi wa masu wasan aikin ba da shawara ba da izini ba, suka kuma bayyana abin da ke na asiri. Aka ba su takardar gargaɗi, aka yanke rabin albashinsu na wata 2. A Janairun 2013 ƙungiyar 'yan kasuwar faifai ta Pakistan ta umurci kantuna su kwashe shi, don ya nuna ƙasarsu kamar maɓoyar 'yan ta'adda. A watan nan dai kamfanin ya ce ya jingine jerin wasannin Medal of Honor, daga baya cikin shekarar aka rufe Danger Close.

Zancen Pakistan ya cancanci ɗan tsayawa. Wani sashen wasan a kasuwar bindiga ta Darra Adam Khel a ke yinsa, wani gari kudu da Feshawar a kan hanyar Kohat. Maƙeran garin sun fi shekara 100 suna kwaikwayon bindigogin Turai a ƙananan rumfuna, tun daga Lee-Enfield ta Ingila har zuwa Kalashnikov, da zarto da 'yan injuna kaɗan, ɗa yana gadon uba. Wanda ya san maƙeranmu masu ƙera wa mafarauta bindiga zai gane irin sana'ar. A wasan dai garin hanya ce kawai da a ke ratsawa a guje ana harbi. Bindigogin sojan Amurka kowace da sunan maƙerinta da tambarinsa, na mutanen garin kuwa ba wanda aka san ya ƙera.

Ran 14 ga Disamba, 2012, wani saurayi ya shiga makarantar Sandy Hook a jihar Connecticut da bindigar Bushmaster, dangin AR-15, ya kashe yara 20 da manya 6. Ba a danganta kisan da wannan wasa ba, kuma bai kamata a danganta ba. Amma mako guda bayan haka ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ta ɗora laifi a kan wasannin kwamfuta, 'yan jarida kuwa suka tono yarjejeniyar Warfighter suka nuna cewa maƙeran bindiga da kansu suna cikin harkar. A Mayun 2013 Electronic Arts ya ce ya daina ƙulla yarjejeniyar lasin da maƙeran bindiga, amma zai ci gaba da sa bindigoginsu cikin wasanninsa ba da neman izini ba. Abin da ya dogara a kai shi ne 'yancin faɗar albarkacin baki, wanda Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 2011 cewa ya shafi wasannin kwamfuta kamar yadda ya shafi littafi da fim. Watau bindigogin ba su fita ba, takardar ce kawai ta fita.

Daga baya aka ga ashe abin ya girmi Warfighter. Iyalan Sandy Hook sun kai kamfanin Remington, mai Bushmaster, ƙara a kan yadda ya ke tallan bindigarsa, aka sasanta a 2022 a kan dala miliyan 73. Takardun kamfanin da suka fito a 2023 sun nuna ya shirya da kamfanin Activision a sa bindigarsa ACR cikin Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009, ba tare da kuɗi sun shiga tsakani ba, da nufin samari su saba da sunan tun kafin su kai shekarun saye. A 2024 kuma iyalan yaran da aka kashe a makarantar Uvalde ta jihar Texas a 2022 suka shigar da ƙara a kan Activision, da Meta mai Instagram, da Daniel Defense, maƙerin bindigar da aka yi kisan da ita. Daniel Defense ɗin nan bindigoginsa biyu, M4V1 da MK18, suna cikin Warfighter da sunansu.