'Yan bida da ke komowa hannu rabbana: wa ke kula da lafiyarsu a Adar?

A ƙauyukan Affala da sauran sassan arewacin Adar, da zarar an gama girbin hatsi sai samari su fara haɗa kaya. Tafiya bida tsohuwar al'ada ce a jihar Tahoua. Wasu kan nufi Kwaddebuwa ko Najeriya, wasu kuma su bi ta Agadez zuwa Libiya da Aljeriya. Kuɗin da suke aikowa ne ke cike gibin rumbu lokacin bazara, da su ne kuma ake sayen magani idan ciwo ya shigo gida.

Sai dai a 'yan shekarun nan da yawa ba da son ransu suke komowa ba. Tun bayan yarjejeniyar da Nijar da Aljeriya suka cimma a 2014, ake kwaso 'yan Nijar cikin manyan motoci zuwa Assamaka. 'Yan wasu ƙasashen Afirka kuwa akan sauke su a wani wuri cikin hamada, kimanin kilomita 15 daga garin, su ƙarasa da ƙafa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ce mutane fiye da 30,000 ne aka koro ta wannan hanya a 2024.

A bakin iyaka akwai masu tarbarsu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana duba marasa lafiya a Assamaka, tana kuma taimakon waɗanda wahalar hanya ta taɓa wa hankali. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, OIM, tana da cibiyoyi a Arlit da Agadez, inda baƙi ke samun abinci da makwanci da magani kafin a mayar da su ƙasashensu.

Matsalar ɗan Adar takan fara ne bayan ya sauka a tashar Tahoua. Shi ba ɗan gudun hijira ba ne, kamar 'yan Mali da suka fake a arewacin jihar tun 2012, waɗanda hukumar HCR ke da rajistarsu. A idon hukuma ɗan ƙasa ne da ya dawo gida, don haka abin da ya rage masa shi ne likitar da kowa ke zuwa: ƙaramar likitar ƙauye, sai cibiyar lafiya ta CSI, idan abin ya fi ƙarfinsu a tura shi babban asibitin Tahoua.

Tsarin magani kyauta da Nijar ta kafa a 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki, bai haɗa da magidanci ko saurayi ba. Ragin kashi 50 cikin 100 na kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, wanda ya fara aiki a watan Satumban 2024, ya kawo sauƙi. Amma wanda aka raba da wayarsa da ajiyarsa lokacin kame, ko rabin ma nauyi ne a gare shi, ga kuɗin mota zuwa birni da na magani a kanti.

Akwai kuma ciwon da ba a cika kai wa likita ba. Mutumin da ya sha zaman kurkuku ko ya ga abokin tafiyarsa ya mutu da ƙishirwa kan dawo da rashin barci da firgita. Kunyar komowa ba ko dala, ga bashin kuɗin tafiya, kan sa ya ja bakinsa ya yi shiru. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa kaɗan ne, kuma akasarinsu a birane suke.

A yau dangi ne ke ɗaukar wannan nauyi: a sayar da akuya, mata su karɓi kuɗin adashi, 'yan uwa da ke Abidjan su yi karo-karo. Abin da zai rage musu shi ne ƙananan hukumomi irin Affala su riƙa rajistar masu komowa, a koya wa ma'aikatan CSI da wakilan lafiya na ƙauyuka gane alamun damuwa, sannan masu agaji su bi mutum har garinsu. Idan ba haka ba, wanda bai gama warkewa ba zai sake kama hanyar hamada bayan girbi, don ya biya bashin tafiyar farko.