Yadda Ake Awon Maganin Furotin Ɗungurungum a Cikin Jini

Da yawa daga cikin magungunan zamani furotin ne. Insulin da ake yi wa masu ciwon sukari allurarsa furotin ne, haka ma tarastuzumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998 don maganin wani nau'in sankarar mama. Idan irin wannan magani ya shiga jiki, masana suna bukatar sanin abu biyu: nawa ya rage a cikin jini, kuma shin yana nan lafiya ko ya fara lalacewa? Bisa wannan amsa ake tsayar da yawan maganin da za a ba majiyyaci.

Aikin ba mai sauƙi ba ne. Falasma, wato ruwan da kan saura idan an ware ƙwayoyin jini, ya kai kusan kashi 55 cikin ɗari na jinin mutum, kuma cike yake da furotin iri-iri na jiki. Albumin kaɗai ya kai kimanin rabinsu. Saboda haka sai an fara tsamo maganin, galibi da wasu ƙananan ƙwalla masu maganaɗisu da aka shafa wa sinadarin da ke cafke shi, sannan a wanke sauran.

Daga nan sai awo. Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce a sa wani sinadari mai suna tirifsin ya daddatsa furotin ɗin, a auna gutsure ɗaya ko biyu. Sai dai kuma wanda ya tsinci tsingaro ba zai iya rantsuwa cewa tukunyar tana nan lafiya ba. Gutsuren yana iya fitowa daga maganin da ya riga ya karye ya daina aiki, a ƙidaya shi tare da mai kyau.

Wannan ne ya sa ake awon furotin ɗin gaba ɗayansa a na'urar awon nauyin ƙwayoyin sinadari. Ana fesa ruwan da ke ɗauke da shi ta bakin wata siririyar allura mai ƙarfin lantarki na 'yan dubban bolt. Ruwan kan tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana, su bushe, su bar furotin ɗin da cajin lantarki. Na'urar sai ta ware ƙwayoyin bisa nauyinsu da cajinsu, kwamfuta kuma ta lissafo ainihin nauyin. John Fenn na Amurka ne ya nuna amfanin wannan dabara ga manyan ƙwayoyi a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya sami kason Lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2002.

Ga misali, mai karatu. Ma'aunin nauyi a nan shi ne dalton. Insulin na ɗan Adam yana da dalton kimanin 5,808, insulin gilajin da ake sarrafawa kuwa kimanin 6,063. Wannan tazara ta ishi na'urar ta bambanta su. Haka nan idan wani ɓangare ya ɓalle daga jikin magani, nauyinsa kan ragu, a gani nan take.

Amma hanyar tana da iyakarta. Insulin lisfuro nauyinsa daidai yake da na ɗan Adam, don haka sai an farfasa shi a cikin na'urar kafin a gane shi. Tarastuzumab kuwa ya kai dalton kimanin 148,000, kuma gano ɗan kaɗan daga irin wannan ƙaton furotin ya fi gano gutsurensa wuya. Shi ya sa ɗakunan bincike kan haɗa hanyoyin biyu: ɗaya ta faɗi yawan magani, ɗaya ta tabbatar da lafiyarsa.