Gaba Kura, Baya Sayaki: Maganin Sankarar Fata ga Waɗanda Aka Yi wa Dashen Ƙoda

Tun daga shekarar 2002, lokacin da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda, masu fama da wannan lalura a Arewa suka sami mafita daga wahalar wankin ƙoda. Sai dai wanda aka yi wa dashe ba ya rabuwa da magunguna irin su tacrolimus da cyclosporine, masu danne garkuwar jiki don kada ta yaƙi baƙuwar ƙodar. Garkuwar nan kuwa ita ce ke murƙushe ƙwayoyin sankara tun suna ƙanana, saboda haka rauninta kan buɗe ƙofa ga sankarar fata.

A tsakanin Turawa, hasken rana ne babban sanadi. A ƙasar Hausa kuwa, in ban da zabiya, cutar ta fi ɓullowa a tsohon gyambo, ko tabon ƙuna, ko kuma a matsayin sankarar Kaposi mai fitar da baƙaƙen kumburi a ƙafa. Ga manomin auduga da masara a Funtuwa ko Malumfashi, wanda ƙafarsa ba ta rabuwa da sara da ƙaya, miki ba abin tashin hankali ba ne. Ga kuma camfin da ke cewa daji ba ya son ƙarfe, wanda kan hana zuwa asibiti har sai ciwo ya ci jiki.

Idan cuta ta yi nisa, akan yi tiyata, a bi da gashi na na'ura, irin wanda akan tura marasa lafiya dominsa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Likitoci kan kuma rage magungunan danne garkuwa, ko su musanya su da sirolimus. Wani bincike da aka wallafa daga Italiya a 2005 ya nuna yadda wannan sauyi ya kawar da sankarar Kaposi a fatar mutum 15 ba tare da sun rasa ƙodarsu ba.

Tsaka mai wuyar tana ga sababbin magunguna irin su cemiplimab, wanda Amurka ta amince da shi a 2018. Aikinsa shi ne zaburar da garkuwa ta afka wa sankara. Amma garkuwar da ta farka tana iya juyawa kan ƙodar, majiyyaci ya koma wankin ƙoda.

Don haka duk mikin da ya ƙi warkewa a jikin mai dashe, likita ne ya kamata ya fara ganinsa, tun zaɓi bai zama tsakanin rai da ƙoda ba.