Idon Mai Saye Ne Ke Gyara Hannun Mai Sana'a

Ka lura da Bahaushe idan zai sayi hula. Ba ya tsayawa ga kyan zanen da ke waje. Sai ya juya ta ya dubi cikinta, ya bi layin ɗinkin da ɗan yatsa, ya ɗaga ta ga haske ko allura ta tsallake wani gida. Kafin mai hula ya faɗi kuɗi, shi ya riga ya san aikin hannu ce ko ta inji, ta wata guda ce ko ta mako ɗaya. Mai ɗinkin ma ya san za a yi masa wannan binciken ƙwaƙwaf, shi ya sa yake gyara inda ido ba ya kaiwa da farko.

Wannan ɗabi'a ba jiya ta fara ba. A 1851, lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano, ya rubuta cewa tufar da ake saƙawa a rine a ƙasar tana kaiwa har Tarabulus ta arewa da Tambutu ta yamma. Auduga kuwa ba Kano kaɗai ke da ita ba, haka baba. Abin da ya raba tufar Kano da saura shi ne ƙananan matakan da marina ba sa tsallakewa. A karofin Ƙofar Mata, wanda ake cewa tun 1498 yake, sai an haɗa baba da toka da katsi an bar su kwanaki sun jiƙu sun tashi. Marini zai tsoma zane, ya fito da shi ya sha iska, ya sake tsomawa, domin iskar ce ke mayar da koren ruwan ya zama shuɗi a jikin zare. Wanda ya gaji ya rage tsomi, zanensa zai yi kyau ranar kasuwa, amma wanki biyu zai tona masa asiri. Daga nan sai masu bugu su karɓa, su yi ta dukan zanen a kan gungume har ya ɗauki walƙiyar nan da ta sa Buzaye ba su da rawanin da ya wuce ɗan Kura. Haka babbar riga mai aska takwas: masani ba girman zanen yake dubawa ba, daidaiton ƙananan idanun ɗinkin wuya da aljihu yake nema.

A wajen abinci, kilishi ya isa misali. Kayan haɗinsa ba sirri ba ne, duk mahauci ya san su: jan nama, tunkuza, citta, kanumfari, masoro, barkono, albasa, gishiri. To me ya sa ake yin takakkiya zuwa Agadasawa a Kano, ko a yi sautun na Madawa daga Nijar, alhali ga mai kilishi a bakin titi? Amsar tana bakin wuƙa. Sai an cire kitse da jijiya tsaf, don kitsen da aka bari shi ne zai sauya ɗanɗano bayan 'yan kwanaki. Sai yankan ya zo da kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Idan wani gefe ya fi kauri, can zai riƙe danshi yayin da ɗayan ya bushe ƙayau. A shanya, a tsoma a labu, wato kwaɓin kayan haɗin nan, a sake shanyawa, sannan a nuna wa wuta. Nunawa fa, ba gashi ba. Minti kaɗan ne tsakanin kilishi mai ƙamshi da mai ɗacin ƙuna. Masu sayen kilishi kuwa ba su da kara. Za su ɓalli ɗan gefe su tauna, in sun ji tsakuwa ko yashi su ajiye su yi gaba.

Abin mamaki, mutumin nan mai juya hula da ɗanɗana kilishi, shi ne zai zauna gaban talabijin ya haɗiye duk abin da aka ba shi. Jaruma ta shiga ɗaki da jan ɗankwali, kyamara ta juyo ta ganta da kore. Talaka fitik a cikin labari, amma shaddarsa na sheƙi, karin guga ko lanƙwasa bai yi ba. Labarin zamanin da, ga wayar lantarki ta ratsa saman bukka. Ana maganar mutuwa, ƙarar janareta da kukan Adaidaita Sahu sun danne muryar mai kuka. Fassarar Turancin da ke ƙasan allo kuwa, gara mu bar ta. Sai mu yi dariya mu ce ai fim ne.

A wasu wuraren ba a ɗauke shi haka ba. Masu kallon fina-finan Indiya na da sun san Mughal-e-Azam na K. Asif, wanda ya fito a 1960. Don fim ɗaya aka ɗauko teloli daga Delhi, masu surfani daga Surat, aka yi takalma a Agra, kambunan sarauta a Kolhapur, makamai kuma maƙeran Rajasthan suka ƙera. Akira Kurosawa na Japan, da zai shirya Seven Samurai na 1954, sai da ya rubuta rajistar mutum 101 na ƙauyen da ke cikin labarin, kowa da gidansu da danginsa, ya sa 'yan wasan su zauna da juna a matsayin iyalai. Mai kallo ba zai taɓa ganin wannan rajista ba. Abin da zai gani shi ne, idan 'yan fashi suka kawo hari, kowane mutum a cikin taron ya san wanda zai ruga ya kare.

Mu ma muna da namu. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mayar fim a 1976, an gyara shi an nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018, shekara 42 bayan fitowarsa. Aikin da aka yi a tsanake ne kaɗai ke jure irin wannan jira.

Za a ce kuɗi ne matsala, kuma akwai gaskiya a ciki. Masana'antar fina-finan Hausa da ta tashi da Turmin Danya a 1990 ta girma ne a kan kaset da gaggawar kasuwa, ta sha wuya a hannun masu satar fasaha, yau kuma YouTube na neman sabon kashi kowane mako. Amma ɗankwalin da ya sauya launi ba tsada ya jawo shi ba. Mutum ɗaya da littafi da biro, wanda 'yan fim ke kira mai kwantiniti, ya isa ya hana faruwarsa. Tsufar da riga kafin a sa wa talakan labari ba ta cin ko kwabo. Kashe janareta ko matsar da shi nesa lokacin ɗaukar sauti shawara ce kawai. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, da Labarina na Aminu Saira, sun nuna cewa idan aka gyara hoto da sauti da rubutu, jama'a na gane bambancin, har su fara ƙorafi idan wani kashi ya yi rauni.

Wannan ƙorafin shi ake buƙata, domin hatta ɗinki da abincin namu sun fara sakaci inda mai saye ya sassauta. Dubi ɗinkin jajiberin Sallah, da ake karɓa da zare na reto, aljihu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, saboda an matsu.

Don haka, mai karatu, idan ka ga kuskure a fim, ka faɗa wa masu shi a fili cikin ladabi, ka kuma ambaci sunan mai ɗaukar sauti ko mai kula da sutura idan ya yi abin kirki. Furodusa ba zai ɗauki mai kwantiniti aiki ba sai ranar da ya tabbatar masu kallo na lura.